Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Haƙƙin Faɗin Aibi a Cinikin Tsohon Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san cewa ciniki yana da maganganu iri biyu, waɗanda ake furtawa da waɗanda ake haɗiyewa. Mai sa zai yabi ƙahonsa da tozonsa, amma da wuya ya fara da cewa daren jiya ya ji shi yana tari. Wannan maƙala ta ɗauki irin wannan shiru ne ta kai shi wani fage mai nisa da kara, wato cinikin tsofaffin gidaje a ƙasar Amurka, inda miliyoyin gidaje har yanzu suke ɗauke da fenti mai haɗe da dalma. A can doka ta tilasta wa mai sayar da gida ya faɗi abin da ya sani game da wannan fenti. Tambayar da za a bi sawunta ita ce: idan mutum ya ce "ban sani ba", kuma gaskiya ya faɗa, to ya fita daga haƙƙi ke nan?

Aibin da ido ba ya gani

Kafin a shiga muhawara ya kamata mai karatu ya san irin aibin da ake magana a kai. Shekaru aru-aru masu haɗa fentin mai suna zuba masa farar dalma domin tana sa shi ƙarko, ya rufe bango sosai, ya kuma jure danshi. Muddin fentin yana manne lafiya lau, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa idan ya tsufa ya soma ɓamɓarewa, ko kuma a wuraren da ake yawan gogayya, kamar taga da ƙyaure da matakala. Duk buɗewa da rufewa tana niƙa fentin ya zama ƙura mai laushi, ta sauka a ƙasa da bakin taga. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Wani abin takaici kuma, ɓawon fentin yana da ɗan zaƙi-zaƙi, saboda haka yaron da ya ɗanɗana sau ɗaya yakan koma.

Hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Jiki kuwa yana ɗaukar ta kamar sinadarin kalsiyam, sai ya ajiye ta a ƙashi da haƙora, ta kuma kai ga ƙwaƙwalwar da take kan ginuwa. Galibi babu zazzaɓi, babu ƙurji, babu abin da uwa za ta gani ta ruga asibiti. Sai bayan shekaru malamin firamare ya lura yaron ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuwa magani ba ya mayar da shi.

Mu nan ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, kuma yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. Bambancin kawai shi ne ta Zamfara ta zo da yawa a lokaci guda har ta tona kanta, ta fenti kuwa kaɗan-kaɗan take shiga.

Ba yau aka san haka ba. Tun 1904 wani likita a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya, Lockhart Gibson, ya danganta ciwon yaran da yake dubawa da fentin da ke jikin barandar gidajensu. A 1909 Faransa da Beljiyam da Ostiriya suka hana shafa farar dalma a cikin ɗakuna, a 1921 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya a kan haka. Amurka ba ta bi sahu ba. Kamfanin da ke yin fentin Dutch Boy har 'yan littattafan zane ya riƙa bugawa domin yara, yana tallata hajarsa. Birnin Baltimo ya hana fentin a cikin gidaje a 1951, amma hanin ƙasa baki ɗaya bai zo ba sai 1978. Shekara ɗaya bayan haka Herbert Needleman ya buga bincikensa kan haƙoran da yaran makaranta suka famfare a kewayen Boston, ya nuna cewa masu dalma da yawa a haƙori sun fi rauni a gwajin basira, alhali ba wanda ya taɓa cewa ba su da lafiya. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take kallo a jinin yaro ya yi ta sauka, daga maikrogiram 60 a kowace desilita a shekarun 1960, zuwa 10 a 1991, zuwa 5 a 2012, zuwa 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadi da aka san ba ya cutarwa.

Hanin 1978 ya tsayar da sabon fenti ne kawai, bai kankare tsohon daga bango ba. Saboda haka a 1992 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar rage haɗarin fentin dalma a gidaje, aka fara aiki da ƙa'idojin bayyanawa a 1996. Mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 tilas ya ba mai saye ɗan littafin gargaɗi na gwamnati, ya faɗi duk fentin dalma da ya san yana gidan, ya miƙa duk rahoton gwaji da ke hannunsa, a rubuta gargaɗi a cikin yarjejeniyar ciniki, sannan ya ba mai saye kwana 10 ya kawo masu gwaji idan yana so. Wanda ya ɓoye da gangan ana iya ɗora masa ninki uku na asarar da ya jawo. Amma dokar ba ta ce mai gida ya yi gwaji ba, ba ta kuma ce ya cire fentin ba. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Tsohuwar gardama

Gardamar ko wajibi ne a faɗi aibin gida ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sisero, ɗan siyasa kuma masanin Rum, ya kawo ta a littafinsa kan wajibai. Ya ƙaddara wani mutum zai sayar da gida wanda shi kaɗai ya san yana sa ciwo, katakonsa ya ruɓe, macizai kuma suna fitowa a ɗakunan kwana. Sai ya haɗa malamai biyu gardama, Diyojinis na Babila da almajirinsa Antifata. Diyojinis yana ganin mai gida bai yi wa kowa dole ba, bai kuma yi ƙarya ba, kuma wauta ce a sa mutum ya yi shelar aibin kayansa. Antifata yana ganin barin mutum ya afka cikin asara da saninka ya fi ƙin nuna wa ɓatacce hanya muni. Sisero ya goyi bayan almajirin, ya kuma bambanta shiru da ɓoyewa: ba kowane shiru ne ɓoyewa ba, yana zama ɓoyewa ne idan kana son wanda abin ya shafa ya zauna cikin duhu domin ka ci riba da duhun nasa.

Ra'ayin Diyojinis bai mutu ba, shi ne ma ya daɗe yana mulki a dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, a ƙarƙashin ƙa'idar nan ta cewa mai saye ne zai buɗe idonsa. A 1942 kotun ƙoli ta jihar Masacusets ta yanke hukunci a kan wani banki da ya sayar da gida alhali ya san gara ta cinye shi, ta ce shiru kawai ba laifi ba ne. Sai a 1960 kotun ƙoli ta jihar Washinton, a wata shari'ar gara, ta ce idan aibi ɓoyayye ne mai haɗari, kuma mai saye ba zai gano shi da dubawa ta al'ada ba, to dole a faɗa.

Bahaushe ma yana da nasa Diyojinis. Shi ne mai cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganar gaskiya ce, amma a kan rariya, domin hudojinta a fili suke. Wanda ya sayi gida mai shekara tamanin ya san zai yi fama da rufi da famfo, kuma ba shi da bakin kuka. Dalma kuwa ba ta da launi na daban, ba ta da wari. Ko magini ƙwararre ba zai kalli bango ya gane ta ba sai da na'ura ko gwajin ɗakin bincike. Cinikin irin wannan gida ba tare da bayani ba cinikin biri a sama ne, sai dai a nan mai sayarwa ya taɓa hawa itacen.

Fiƙihun Musulunci bai tsaya jan wannan gardama ba. Hadisi ya zo a kan mai sayar da abinci wanda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin kayansa ya ji danshi, ya kuma tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Daga irin wannan ne malamai suka tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya saboda aibi. Har sharaɗin nan na "na sayar maka yadda ka gan shi, ba ruwana da aibinsa", malaman Malikiyya ba su yarda ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye ba. Ke nan a kan aibin da aka sani, Sisero da malaman fiƙihu da dokar 1992 bakinsu ɗaya, kuma ba na ganin akwai sauran abin ja a wurin.

Rashin sanin da aka saya

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "sani". Takardar da mai gida yake cikewa a Amurka tana ba shi zaɓi biyu: ko ya ce ya san akwai fentin dalma ya yi bayani, ko ya ce ba shi da masaniya. Tunda doka ba ta tilasta gwaji ba, sai lissafi ya fito fili. Wanda ya kira masu gwaji don tsoron lafiyar iyalinsa ya ɗaure kansa, domin rahoton zai bi gidan ranar sayarwa, mai yiwuwa ya rage masa kuɗi. Maƙwabcinsa da bai taɓa damuwa ba zai sa hannu a kan "ba ni da masaniya" da zuciya ɗaya, ya sayar da tsada. Ashe dokar da aka yi don yaɗa sani ta sanya lada a kan ƙin sani.

To amma wane irin rashin sani ne wannan? Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin ɗari na gidajen da aka gina kafin 1940 suna da fentin dalma, kashi 69 na waɗanda aka gina tsakanin 1940 da 1959, da kashi 24 na tsakanin 1960 da 1977. Mutumin da gidansa na 1925 ne, tagoginsa na asali ne, kuma duk shekara yana share ɓawon fenti a bakinsu, ba za a ce yana cikin duhu ba. Ba shi da takarda, amma yana da abin da malamai ke kira zato mai rinjaye, kuma da irin wannan zato mutane suke gudanar da yawancin rayuwarsu. Da jikarsa ce za ta zo ta yi wata shida a gidan, da wannan zaton ya ishe shi ya hana ta wasa a gindin taga. Idan zato ya isa ya kare ɗan gida, ban ga dalilin da zai kasa isa a faɗa wa baƙo ba.

A nan ya kamata a raba mutane biyu. Akwai wanda ya gaji gida bai taɓa zama a ciki ba, bai taɓa jin labarin dalma ba. Wannan rashin saninsa uzuri ne. Akwai kuma wanda tunanin gwaji ya zo masa, ya auna, ya ga sani zai ci masa kuɗi, sai ya bari. Wannan na biyu ya yanke shawara ne, kuma shawarar tana da manufa, wato mai saye ya zauna cikin duhu domin farashi ya tsaya. Idan aka ɗora ta a kan ma'aunin Sisero, ɓoyewa ce, sai dai mai ita ya fara ɓoye wa kansa ne domin ya samu damar ɓoye wa wani ba tare da ya yi ƙarya ba. Kotu ba za ta iya kama shi ba, domin ba ta da hanyar shiga zuciya. Wannan gazawar kotu ce, kuma ba ta zama shaidar wanke shi ba.

Akwai wata dabara da ta fi wannan kusa da ha'inci, wato shafa sabon fenti ana jibi za a nuna gida. Gyara kaya kafin a kai kasuwa ba laifi ba ne, rufe tsohon fenti da sabo ma yana rage haɗari na ɗan lokaci. Amma idan an shafa ne a kan wurin da aka san yana ɓamɓarewa, aka kuma yi shiru, to an koma ga abin da hadisi ya hana na ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. Fenti ɗaya ne, buroshi ɗaya, jumla guda ce ta raba gyara da algus: "nan yana ɓarewa, mun rufe shi a watan jiya."

Wanda ba ya wurin ciniki

Mai kare mai gida yana da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Zai ce wannan mutum ba shi ya haɗa fentin ba, ba shi ya shafa ba. Kamfanoni sun ci riba, gwamnati ta yi jinkirin shekara saba'in da wani abu bayan gargaɗin Gibson, sannan a ce wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda gidan nan shi ne duk abin da ta mallaka, ita za ta biya kuɗin saɓon kowa? Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin ba adalci ba ne a ɗora wa mai gida shi kaɗai nauyin kankare fentin, aikin da kan ci dubban daloli. Wannan nauyi na hukuma ne da na waɗanda suka ci ribar. Sai dai hujjar tana amsa tambayar wa zai biya ne, ba ta amsa tambayar wa zai sani ba. Idan tsohuwar ta yi shiru, asarar ba ta koma kan kamfanin fenti ba. Ta sauka ne a kan wanda ya fi ta rauni.

Wannan ne ya bambanta dalma da gara. Idan aka ɓoye gara, mai saye ne ya yi asarar kuɗi, kuma babba ne mai hankali, yana iya kai ƙara, yana iya yafewa. Idan aka ɓoye dalma, wanda zai biya yaro ne ɗan shekara ɗaya ko biyu, ko wanda ke cikin ciki, ko ma wanda ba a yi auren iyayensa ba tukuna. Bai taya ba, bai sallama ba, ba a tambaye shi ba. Duk hujjar Diyojinis ta ginu ne a kan manya biyu da suka haɗu a kasuwa kowa da wayonsa. Da zarar an ga akwai na uku a gindin taga, hujjar ba ta da inda za ta tsaya.

Daga nan ne kuma za a ga cewa sa hannu a takarda bai ƙare zance ba. Doka ta yarda mai saye ya yafe kwana 10 na gwaji, kuma a lokacin da gidaje suka yi wuya, masu saye suna rige-rige, wanda ya yafe shi ya fi samun shiga. Mai gidan da ya zaɓi tayin wanda ya yafe gwaji saboda yafewar, alhali ya ga matar tana da goyo, bai karya doka ba. Amma uba yana iya yafe haƙƙinsa na kuɗi, ba ya iya yafe ƙwaƙwalwar ɗansa. Haka nan takardar gargaɗi da aka cusa a tsakiyar takardu talatin, aka ce "sa hannu nan, da nan", an bayar da ita, amma ba a faɗe ta ba. Ɗora jiƙaƙƙen hatsi a sama manufarsa a gani ne. Wanda ya ɗora shi a sama cikin dare bai yi abin da aka nema ba.

Akwai wata hujjar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ba ni da niyyar yin kamar na warware ta. Bayani yana amfanar mai zaɓi ne. Mai hali idan aka gaya masa zai nemi ragi ya gyara, ko ya tafi wani gidan. Talaka zai ji, ya gode, ya shiga da 'ya'yansa, domin abin da kuɗinsa ya kai ke nan. Ta haka gidaje masu guba suke gangarawa hannun marasa ƙarfi, kowa kuma da takardarsa ta cewa an faɗa. Duk da haka faɗin bai zama banza ba. Uwar da ta sani za ta goge ƙasa da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, za ta wanke hannun yaro kafin ya ci abinci, za ta nemi a auna jininsa. Uban da ya sani ba zai ɗauko samfefa ya goge tsohon ƙyaure a busashe yara suna kallo ba, wanda yana cikin hanyoyin da suka fi saurin cika gida da ƙurar. Wanda ba a gaya wa ba, sau da yawa ƙoƙarinsa na gyara gida shi ne zai cuci ɗansa.

A ƙasarmu babu takardar da dillali zai miƙa wa mai saye ko ɗan haya a kan wannan batu, alhali binciken da aka buga a 2007 a kan fentin da ake sayarwa a kasuwannin Ibadan ya sami dalma mai yawa a mafi yawan samfuran da aka gwada. Wato a nan ba sai gida ya tsufa ba, fentin mai da aka shafa wa taga da ƙofa da ƙarfen baranda shekaru kaɗan da suka wuce ma abin tuhuma ne. Yawancin masu gidajenmu suna cikin rukunin farko, masu rashin sani na gaskiya, kuma wurin gwaji bai wadata ba. Amma wanda ya karanta waɗannan shafuka ya bar wannan rukuni. Ranar da zai ba da hayar ɗaki ko ya sayar da gida, ba a nemi ya zama masanin sinadarai ba. Ya san shekarar da aka gina gidan, ya san wace taga ce take zubar da ɓawo, ya san yaushe aka yi fenti na ƙarshe da irin fentin da aka sayo, kuma yana ganin ko mai shigowa yana da ƙananan yara. Waɗannan duka yana iya faɗar su a zaure cikin minti biyu, kafin dillali ya karɓi la'ada.